Tankar Yaƙi a Kan Tabarmar Zaure

Bayan kaka ne, an yanke dawa an kai rumbu, karare na jingine a bayan katanga, ɗan ƙanwata ya shigo mini zaure da wani abu a tafin hannu, yana takawa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Daga nesa na ɗauka motar kara ce irin wadda muka taso muna yi. Da ya ajiye ta a tabarma sai na ga ba ta dakon buhu ba ce. Hilux ce, da gidan direba da buɗaɗɗen baya. A tsakiyar bayan ya kafa gajeren turke mai juyawa, ya gicciya siririn sille a kansa, ga wani zare da ya jera wa gutsattsarin totuwa yana reto a gefe.

"Wannan zaren fa na mene ne?"

"Jigida ce, Kawu. Ai bindigar ba ta tashi sai da ita."

Shekararsa 11. Ni malamin lissafi ne a ƙaramar sakandare nan Bagwai, na kuma doshi hamsin. Gabana ya ɗan faɗi, ba zan ɓoye ba. Amma hannuna ya riga bakina, na ɗauki motar na jujjuya ta, sai na ga yaron ya iya aiki. Ƙafafu huɗun duk suna taɓa ƙasa, kuma turken na juyawa ba ya cijewa.

Wanda bai taso a ƙauye ba zai ɗauka karan dawa na hura wuta ne da yin danga kawai. A wurinmu shi ne katako, shi ne ƙusa. Kara yana da ɓawo mai tauri da santsi, cikinsa kuma totuwa ce fara mai laushi. Sai ka ɓare ɓawon da haƙori ko da tsohuwar reza, ka tsattsaga shi tsinke-tsinke, ka yanyanka totuwar gunduwa-gunduwa. Tsinken ake sokawa cikin totuwa, ita kuma ta riƙe shi gam. Inda ake son ƙarfi a sa ƙayar aduwa. Ƙafa kuwa a feƙe ta daga sakaina, ko a yanko ta daga tsohon silifas. Ɓawon nan kaifi gare shi kamar aska, har yau akwai tabonsa a babban yatsana na hagu. Wanda ya ƙware a kara sai ya wuce zuwa gwangwani da langa-langa, ya yi wa motarsa dogon sitiyari yana tura ta a tsaye, ƙannensa na binsa a baya suna yi masa kukan inji da baki.

Yayyenmu da suka ga aikin madatsar ruwan Watari a ƙarshen shekarun 1970, katafila da tifa suke yi. Mu da muka biyo baya, gingimarin da ke kai hatsi Dawanau muke yi, da a-kori-kurar da ke kwasar tumatir da albasa daga gonakin rani zuwa Badume. Yaro ba ya ƙera abin da bai gani ba. Tun da ta'asar 'yan bindiga ta fara tsallakowa daga iyakar Katsina zuwa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, motocin sojoji sun zama abin gani a hanyoyinmu. Abin da hanya ba ta nuna wa yaro ba kuma, wayar yayansa ta nuna masa.

Makonni kaɗan bayan haka na shiga birni, na ratsa ta wajen 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai. A cikin tarkacen kayan wasan yara na ga wata leda cike da ƙananan bulo na roba, ja da rawaya da shuɗi da ruwan toka, a cakuɗe. Mai kayan bai ɗauke su a bakin komai ba, ya ce in ba da abin da ya sawwaƙa. Da na zo gida na zazzage su a faranti, na sa tabarau, sai na ga kamar rabinsu an rubuta LEGO a kan kowane ɗan tudu da ke samansu, sauran kuma babu rubutu, ko da wani suna daban. Yaron ya kira 'yan tudun nan haƙora, ni ma haka nake kiransu tun daga ranar.

Asalin wannan bulo Denmark ne, wani ƙaramin gari da ake kira Billund. Wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ne aiki ya tsaya masa a 1932, ya koma sassaƙa kayan wasan yara da katako. Sunan Lego daga kalmomi biyu na harshensu ya haɗo shi, ma'anarsu a yi wasa da kyau. A 1949 suka fara bulon roba, kuma ko su ma kwaikwayo suka yi daga wani kamfanin Ingila mai suna Kiddicraft. Na farkon ba sa riƙe juna sosai, ka gina abu ka ɗaga ya wargaje. Sai a 1958 Godtfred, ɗan kafintan, ya yi rajistar dabarar da ta gyara komai: aka sa ƙananan bututu a cikin bulon ta ƙasa, haƙoran na ƙasa su shiga tsakanin bututun da bango su maƙale. Da na gane wannan sai na yi dariya ni kaɗai. Ai tsinke da totuwa ne, an dai zuba su a inji. Bambancin shi ne awo. Daga tsakiyar haƙori zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 8 ne, kaurin cikakken bulo milimita 9.6, kuma falle uku na siraran bulo daidai suke da cikakke ɗaya. Wannan awon bai canza ba, shi ya sa bulon da aka yi kafin a haife ni yake shiga wanda aka yi bara. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar, Søren Eilers, ya sa kwamfuta ta ƙirga masa hanyoyin da za a iya haɗa bulo shida masu haƙora takwas-takwas: 915,103,765. Na rubuta wa ɗalibaina wannan adadi a allo, babu wanda ya yarda.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, wannan kamfani ba ya sayar da tankar yaƙi. Tun fil azal sun ce ba za su yi kwaikwayon motocin soja na zamani da makamansu ba, don kada yaƙi ya zama abin wasa a idon yaro. A 2020 har sun gama shirya wani jirgi mai suna V-22 Osprey, mai tashi kamar jirgi mai saukar ungulu, an zuba a kwalaye, saura kwanaki a fara sayarwa. Wata ƙungiyar masu adawa da yaƙi a Jamus ta yi ƙorafi cewa sojoji ne kawai ke amfani da jirgin, sai kamfanin ya janye shi gaba ɗaya. Ni dai na ga dattaku a wannan. Amma iyakar da suka shata a karkace take. Suna sayar da 'yan fashin teku da igwa da takubba tun 1989, suna sayar da jiragen yaƙin fim ɗin Star Wars tun 1999, sun ma taɓa fitar da Sopwith Camel, jirgin yaƙin Ingila na Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wato yaƙin da ya tsufa, ko wanda ba a taɓa yi ba, halal ne. Wanda ake ji a labaran rediyo da safe shi ne haram. Mutumin Billund yana da sararin wannan zaɓi. Yaron Bagwai kuwa ta ƙofar gidansu abin yake wucewa.

Inda babba ya ƙi zama, ƙanana sun shimfiɗa tabarma. Kariyar da doka ta ba dabarar bulon ta ƙare tun tuni, kuma kotun ƙolin Kanada a 2005 da kotun Tarayyar Turai a 2010 duk sun ƙi yarda Lego ta mallaki siffar bulon ita kaɗai. Don haka kowa na iya yin nasa. A Poland akwai Cobi, wanda kusan ya shahara ne da tankoki da jiragen Yaƙin Duniya na Biyu. A Sin akwai irin su Sluban, kuma na tabbata rabin ledata daga can take. A Amurka, wani mai suna Dan Siskind ya kafa Brickmania a birnin Minneapolis a 1999: yakan sayi bulon Lego na ainihi, ya tsara tanka ko jirgi da su, ya sayar tare da littafin yadda ake haɗawa. Wani kuma, Will Chapman, ya kafa BrickArms, sana'arsa ita ce zuba ƙananan bindigogin roba daidai hannun 'yan mutum-mutumin Lego. Masu sayen waɗannan kaya galibi ba yara ba ne. Magidanta ne, wasu tsofaffin sojoji, masu kashe kuɗi da dare a kan tanka ɗaya, su kai ta taron baje koli ana musu a kan ko ƙafafunta sun cika.

Wannan musun shi ne ainihin sana'ar, kuma nan ne malamin lissafi ya samu abin yi.

Yaron ya ce tanka yake so. Muka nemo hotuna a waya, muka tsaya a kan T-72, ƙirar tsohuwar Tarayyar Sobiyat, wadda Nijeriya ta sayo a wajen 2014 da 2015 lokacin da yaƙin Boko Haram ya yi tsanani. Kafin in ankara ya dunƙula wani abu cikin minti goma, ya miƙo mini. Akwati ne mai tsayi kamar rumbu, da sanda a goshi.

"Ga ta nan, Kawu."

"Wannan ai tankin ruwa ne," na ce masa. Sai kuma na tuna ashe ban yi nisa da gaskiya ba. Turawan Ingila da suka fara fito da ita fagen daga a Faransa cikin Satumbar 1916, da suna ƙera ta a ɓoye sai suka riƙa cewa tankin ruwa ne, don kada Jamusawa su farga. Sunan ya bi ta har yau.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Idonsa ya san tasa ba ta yi kama ba, bai dai san daga ina ba. Na ɗauko rula. Masu wannan aiki da yawa suna amfani da ma'aunin 1 bisa 35, wato kowace santimita ɗaya a tabarma tana madadin santimita 35 a jikin ƙarfe. Gangar jikin T-72, ban da bakin igwa, ta kusa mita 7, faɗinta kuma kamar mita 3 da rabi da ɗoriya. Na ce ya raba. Ya yi a ƙasa da tsinke, ya samu tsawo santimita 20, faɗi 10. Na ce to haƙora nawa ke nan? Ya daɗe yana ƙirga da yatsu, ya ce 25 a tsawo, 13 a faɗi. A aji da na ba shi wannan a takarda, da kuka za a yi. Tsayinta kuwa bai wuce mita 2 da kaɗan ba, da gangan aka yi ta gajeruwa don kada a hango ta daga nesa, har aka cire mutum na huɗu mai ɗura harsashi aka sa inji a madadinsa, mutum uku ne kawai a ciki. Tasa ta farko ta ninka haka tsayi. Nan ya gane ciwon.

Adadin nan 13 ya ba mu wahala. Yawancin bulo bibbiyu ko hurhuɗu suke tafiya, ga shi muna son mara. Sai da muka tono wasu 'yan falle masu faɗin haƙori biyu amma haƙori ɗaya tak a tsakiya, waɗanda ke gusar da gini da rabin taki. Huɗu kacal muka samu a ledar, muka riƙa lallaɓa su kamar zinare. Sai goshin tankar, wanda ba a tsaye yake ba, a kishingiɗe yake. Bulo kuwa ɗabi'arsa hawa kan ɗan'uwansa a miƙe. Gwanayen abin suna kwantar da bulo ta gefe, haƙoransa su kalli gaba maimakon sama, domin falle biyar a jere daidai suke da faɗin haƙora biyu, milimita 16 ke nan, sai gini ya haɗu babu giɓi. Mu ba mu da isassun irin waɗannan, muka yi amfani da maƙalar ƙofar wani gidan wasa da ta zo a ledar, muka kishingiɗar da falle a kanta.

"Me ya sa ba su yi shi a tsaye ba su huta?" in ji shi.

Na ɗauko littafi mai kauri, na tsayar da shi, na nuna masa da fensir nisan da zai ratsa. Na karkata littafin, na ce ya sake dubawa. Ya ga hanyar fensirin ta ƙara tsawo alhali littafin bai ƙara kauri ba. Haka sulke yake: in ya karkata, harsashi sai ya ci ƙarfe mai yawa kafin ya huda, wani lokaci ma ya zame ya wuce. Daga nan hira ta kai mu ga motocin sulken da cikinsu ya yi tsini ta ƙasa kamar kwalekwale, dabarar da aka inganta a kudancin Afirka a shekarun 1970, don in nakiya ta tashi ƙarfinta ya watse gefe da gefe maimakon ya doki waɗanda ke zaune. Na gaya masa irin wannan motar ana ƙera ta a Kaduna. Hukumar ƙera makamai ta DICON tana can tun 1964, kuma a Disambar 2019 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da wata da aka sa wa suna Ezugwu. Ya tambaye ni ko masu ƙera ta sun yi motar kara suna yara. Na ce wannan sai su. Amma na ba shi labarin Jelani Aliyu, Basakkwacen da ya tafi Detroit ya yi karatun zanen mota, ya yi aiki da General Motors, hannunsa ne a zanen Chevrolet Volt, daga baya ya dawo ya shugabanci hukumar tsara motoci ta ƙasa.

Ƙafafu ne suka kusa raba mu. T-72 shida-shida gare ta a kowane gefe, ban da mai haƙora da ke jan sarƙa a baya da mai riƙe ta a gaba. Ledarmu ba ta da ƙafa 12 iri ɗaya, balle sarƙa. Ya kawo murafen lemo, suka yi girma, shida suka cinye tsawon tankar kaf. Ya kawo kacar keke, ta fi tankar nauyi. A ƙarshe ilimin kara ne ya cece mu. Ya samo guntun bututun ƙarfe ya wasa bakinsa a dutse, ya riƙa bugawa a kan tsohon silifas yana fitar da ƙafafu daidai wa daida. Sarƙa kuma muka yanko daga tsohon tiyub ɗin babur, ya zauna da reza yana yi mata tsaga-tsaga har magariba. Bakin igwa sille ne, ya shafa masa toka da ruwa. Wani ɗan Minneapolis zai ce mun yi ha'inci. Shi da ke aika saƙo a intanet a kawo masa ƙafa har gida, ya faɗi abin da ya ga dama.

Launi kam ba mu yi nasara ba. Ruwan tokan bai isa ba, don haka bayan tankar ja ne, gefe guda kuma shuɗi. Kakarsa da ta leƙo ta ce ta yi kama da zanen amarya. Ita damuwarta daban ce: wani ɗan mutum-mutumi mai rawayar fuska da ya zo a cikin kayan, wanda yaron ya zaunar a saman tankar. Ta ce ba a ajiye mata gunki a ɗaki. Haka ma malaminmu na allo yake yi mana da, in ya kama ka da dokin laka ka sha bulala, amma motar kara ko kallo ba ta ishe shi ba. Aka sasanta, direban tanka ya koma kwana a zaure.

Akwai inda na ja layi, kuma ban nemi shawarar kowa ba. Ana cikin wannan sai na tarar da shi da abokansa biyu sun sassaƙa bindiga da katako, tsawonta kamar na gaske, sun shafa mata baƙin mai, sun ɗaura mata igiyar ratayawa, har da lanƙwasasshen gidan harsashi. Daga taku ashirin, da yamma, ba ka bambance ta. Na karɓa na karya ta a gwiwa, na sa a murhu. Ya yi fushi da ni kwana biyu, ya ce ai ni ma na taya shi yin tanka. Na ce masa tankar nan a tafin hannu take zama, babu wanda zai gan ta ya ɗana kunama. Wannan kuwa, a irin kwanakin da muke ciki, soja ko ɗan sa-kai da ya kwana bai runtsa ba, ba zai tsaya tambayar shekarunka ba. Ban sani ba ko hujjata ta fi ta mutanen Billund miƙewa. Wani dare nakan kalli abin a kan kanta in tambayi kaina me nake koya wa yaron nan. Da safe kuma sai in same shi yana raba 360 da 35 a bayan kwalin ashana.

Makon jiya ya zo da wata bukata. Yana son ya sake Hilux ɗinsa ta kara, amma a kan awo, don haka sai in raka shi inda sojoji ke tsayawa ya auna tasu. Na ce ko kusa. Muka tafi wajen wani mai sayen shinkafa da ke zuwa bakin dam da irin motar, na gaishe shi na faɗa masa abin da ke tafe da mu. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce bisimilla. Yaron ya miƙa igiya daga hanci zuwa wutsiya, ina riƙe da ɗaya bakin, muka ƙulla alama, muka dawo gida muka auna da rula sau da yawa: mita 5 da santimita 30. Ya tsuguna ya raba, ya samu 15 da 'yan kai. Ya ɗauko tsohuwar ya ɗora a kan rular, ya yi shiru.

"Kawu, ta gaza da yatsa biyu. Kuma ƙafafun sun yi mata girma."

Ya ajiye ta a gefen tabarma, ya ɗauki reza, ya zaga bayan katanga neman kara mai kauri wanda gara ba ta taɓa ba.